Caca ba ta maye gurbin lanho

A ƙarshen shekarun 1970, da kuɗin uraniyom suka shigo, gwamnatin Seyni Kountché ta soke lanhon kai na ƙasa. Talakawan Madawa, Buza da Keita sun numfasa. Amma farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, baitulmali kuwa ba ya zama fanko.

Caca na cikin ƙofofin da kuɗi ke shiga ba tare da kuka ba. LONANI, kamfanin gwamnati, tana sayar da tikitin PMU kan dawakin da ke sukuwa a Faransa. Masu kare ta suna cewa ba a tilasta wa kowa. Gaskiya ne. To, amma a Amurka sai da aka tambayi jama'a: jihar Kalifoniya ta ƙi cacar wasanni a 2022, Misuri ta amince da ƙyar a 2024, da harajin kashi 10 cikin ɗari domin ilimi.

Manomin albasa na kwarin Tarka ba wanda ya tambaye shi. In ya biya kuɗin kasuwa ko lanhon gari, yana da takarda a hannu, yana iya tsayawa gaban magajin gari ya ce ina rijiya, ina ajin yara. In tikitinsa ya faɗi, kuɗin sun tafi Yamai, ba shi da bakin tambaya.

Ya kamata ma'aikatar kuɗi ta bayyana abin da caca ke kwasa daga waɗannan gundumomi uku kowace shekara, ta kuma yanka wa kowace ƙaramar hukuma rabonta.