An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Jama'a, duk shekara idan sakamakon jarrabawar fita sakandare ya fito, aka ga yaranmu sun zube a darussan kimiyya, sai kowa ya ɗauko bulala. Malamin jami'a ya ce laifin na sakandare ne, na sakandare ya ce ai haka aka miƙo masa su. Shi kuwa na firamare, da yake babu kowa a ƙasa da shi, sai a jibga masa kayan laifin gaba ɗaya, a ce jahili ne, a ce rago ne, a ce rashin abin yi ne ya kai shi aji. Ni kuwa na ce an bar jaki ana dukan taiki. Babban ciwon wannan bawan Allah game da kimiyya tsoro ne, kuma horon da aka ba shi ne ya dasa masa shi.

Bari mu bi sawun abin. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Yara suka cika makarantu fiye da yadda aka yi tsammani, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, kuma a shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Daga baya aka ce takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar shiga aji. Takarda ta ƙaru, to amma a wurare da yawa hanyar horarwar tana nan jiya i yau: a kwafi abin da ke kan allo, a haddace, a amayar ranar jarrabawa. Mutumin da bai taɓa gwada kome da hannunsa ba, shi ake tura wa yara cike da aji a ce ya koya musu kimiyya. Don haka sai ya tura darasin can ƙarshen yini, ya cika allo da rubutu, yaron da ya yi tambaya kuwa ya sha tsawa. Wanda bai sani ba sai ya ce mugunta ce, alhali kuwa gudun jin kunya ne.

A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa, 21,780 suka faɗi, aka sallame su. Ba na kare wanda bai iya karatu da rubutu ba. Amma kora ba ta ƙara wa waɗanda suka rage ƙarfin zuciya, kuma sabon da aka ɗauka daga tukunyar da aka dafa na da ya fito.

Na san abin da za a ce: babu kuɗi, babu ɗakin gwaje-gwaje. Wannan hujja ba ta ci ba, domin kuwa kimiyyar firamare tana tsakar gidan kowa. A jiƙa zoɓo a raba shi biyu, a matsa lemon tsami a ɗaya, a zuba ruwan kanwa a ɗaya, a ga yadda launinsu zai bambanta. A shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a haske ɗaya a duhu, a riƙa auna su kullum. A tambayi yara me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, har su gano cewa ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi. Wannan sirrin ne Malam Mohammed Bah Abba ya yi aiki da shi a Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Malamin da ya yi waɗannan da hannunsa sau biyu ko uku kafin ya shiga aji, ba zai yi fargaba ba, gani ya kori ji.

Saboda haka abu na farko shi ne a bar irin bitar nan ta kwana uku da ake tara malamai a zaure, wani ya yi ta zuba lacca, a raba alawus a watse. A haɗa malaman makarantun da ke kusa da juna su riƙa zama lokaci lokaci suna gwada darasin da kansu. Shirin SMASE da aka fara a 2006 da taimakon ƙasar Japan a jihohin Kaduna da Neja da Filato ya bi irin wannan hanya ta aiki da hannu da abin da ke kusa. A Faransa ma, Georges Charpak, wanda ya ci lambar Nobel a 1992, bai ga ƙasƙanci ba wajen kafa shirin kimiyyar firamare a 1996, inda masana da ɗaliban jami'a suke raka malami cikin aji.

Na biyu, a ba malami izinin ya ce, "Ban sani ba, ku zo mu gwada." Muddin mai duba makarantu da hedimasta suna ɗaukar wannan magana a matsayin abin kunya, to malami zai ci gaba da toshe bakin yara. Ai tambaya rabin ilimi ce, kuma daga "ban sani ba" kowane bincike yake farawa.

Na uku shi ne harshe. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun daga 1970 ya nuna cewa ana iya koyar da kimiyya da Yarabanci shekara shida, yara su fahimta, Turancinsu kuma bai lalace ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare, a 2025 kuma ta soke. Kome doka ta ce, malamin da bai fara fahimtar darasi da harshen da yake tunani da shi ba, ba zai iya bayyana shi da wani harshe ba. A horar da shi da harshensa tukuna, sannan a ɗora masa kalmomin Turanci.

To, ya ku 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, a nan aiki ya faɗo kanmu. Idan an yi hutu, ɗalibin kimiyya da ɗalibin Hausa su haɗu su je firamaren garinsu, su gaida hedimasta, su zauna da malami bayan an tashi, su gwada darasi guda tare, su rubuta masa shi cikin Hausa mai sauƙi. Kada a gyara masa kuskure a gaban yaransa, kada kuma a je masa da girman kai, don shi ya koya mana baƙi da wasali kafin mu san hanyar jami'a. Allah ya sa mu gane, amin.