A Daina Yi Wa Kwamfutar Ɗakin Gwaji Fomatin Don Manhaja Ta Ƙi Buɗewa

Duk wanda ya taɓa kai waya gyara Farm Centre ya san maganin da ake fara kawowa: a yi mata filashin. Sau da yawa yana yi, tunda lambobinka suna kan imel, hotuna kuma suna Google Photos. Damuwata ita ce mun kwashi wannan ɗabi'a mun shiga da ita masana'antun Sharada, Challawa da Bompai, inda kwamfutar da ake kiranmu mu duba tana jone da na'urar awo. A kamfanin jima da ita ake auna sinadarin kuromiyum da ke cikin ruwan da za a zubar. A kamfanin man girki ko lemo, sakamakonta ake jira kafin kaya su fita kasuwa da lambar NAFDAC. Yi wa irin wannan kwamfuta fomatin, a ganina, ganganci ne, ko da mai yin yana ganin ƙwarewa ya nuna.

Yawanci ga yadda abin ke farawa. Manaja yana son sakamakon gwaji ya riƙa shiga rumbun bayanan kamfani kai tsaye. Sai a sa direban da zai haɗa su, ko na MySQL, ko na Oracle, ko Access Database Engine na Microsoft. Washegari manhajar nazarin da ta shekara goma tana aiki lafiya ta ƙi buɗewa. Nan take wani zai ce bairos ne.

Ba bairos ba ne. Rikicin gidan haya ne.

A wayar Android kowace manhaja tana zuwa da kayanta cikin fayil ɗin APK, tana zaune a ɗakinta. A Windows kuwa manhajoji suna aron ƙananan fayiloli masu suna DLL, kamar 'yan haya masu girki a madafi ɗaya. Idan manhaja ta nemi wani DLL, Windows zai duba foldarta, ya duba foldojin kansa, in bai samu ba ya bi wani jerin foldoji da ake kira PATH daga sama zuwa ƙasa. Fayil na farko da ya ci karo da shi mai wannan suna, shi zai miƙa mata. To, wasu direbobin suna cusa tasu foldar a saman jerin. Sai tsohuwar manhaja ta karɓi fayil mai sunan da ta sani amma na wani zamani, ta faɗi. Babu abin da ya goge, layi kawai aka tsallake mata.

Sai batun 32 da 64. Yawancin manhajojin na'urorin awo tsofaffi ne, 'yan bit 32, kuma manhajar bit 32 ba ta iya ɗaukar DLL na bit 64, ko ta halin ƙaƙa. Idan ka ga lambar kuskure 0xc000007b, fara zargin wannan. Microsoft ma ya ƙara dagula lissafi: wurin saita direbobin ODBC guda biyu ne, sunansu ɗaya, odbcad32.exe. Wanda ke cikin foldar System32 na bit 64 ne, wanda ke cikin SysWOW64 shi ne na bit 32. Eh, a juye suke. Mutum zai yini yana saiti a inda manhajar ba ta ma leƙawa.

Binciken bai kai wahalar da ake zato ba. Tambayi masu ɗakin me aka sa a kwamfutar kwanan nan, ka tabbatar da ranar a jerin manhajojin Control Panel. Buɗe Event Viewer, shiga ɓangaren Application, nemi kuskure mai lamba 1000. Zai faɗa maka sunan fayil ɗin da ya kayar da manhajar da foldar da yake. In foldar ta direban jiya ce, ka kama ɓarawo da kaya a hannu. Ka sauko da ita ƙasa a jerin PATH, ko ka cire direban ka sa na bit ɗin da ya dace.

Na san abin da abokan sana'a za su ce: manaja na tsaye a kanka, mota na jiran lodi, fomatin kuma awa biyu ne an gama. Awa biyu ne a dawo da Windows. Lasisin manhajar fa, wanda sau da yawa a ɗaure yake da wannan kwamfutar? Saitin awon da aka daidaita na'urar da shi? Sakamakon shekarun baya da hukuma za ta iya nema ranar da ta zo duba kamfanin? Faifan da na'urar ta zo da shi wataƙila ya ɓace tun zamanin wani manajan, kamfanin da ya ƙera ta yana Jamus ko Japan, wakilinsa yana Legas kuma ba kyauta zai hau jirgi ba. In kwamfutar Windows 7 ce, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun 14 ga Janairun 2020, samo direban na'urar kanta ma wani aiki ne.

Akwai lokacin da fomatin ya zama dole, misali in faifan ajiya ya fara mutuwa. Ko a nan, a fara kwafe faifan gaba ɗaya da manhaja irin Clonezilla, wadda kyauta ce. Shi kuma manajan da ke son ganin sakamako a ofishinsa, yawancin waɗannan manhajoji suna fitar da shi a fayil ɗin CSV. A kai fayil ɗin wata kwamfutar, a sa direban a can.