Ya Kamata Ɗalibai Su Koyi Haɗa Manhajar Aika Saƙo Da Hannunsu

A shekarar 2001 ne wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya, yau kuwa ta zama kamar gishiri a miya. A garinmu Babban Mutum, wanda ke cikin Ƙaramar Hukumar Ɓaure a bakin iyakar Nijar, ɗan kasuwa yakan aika saƙon murya zuwa Magarya ko Daura, ya ji yadda ake sayar da gero da wake da awaki tun bai ɗaura kaya ba. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ma ta san inda za ta danna ta ji muryar ɗanta da ke Legas. Amma a duk cikinmu, wa ya taɓa ganin cikin manhajar da ke kai saƙon? Ra'ayina shi ne, kada ɗalibin babbar sakandare ya bar makaranta sai ya haɗa ƙaramar manhajar aika saƙo guda ɗaya daga rubutunta na tushe, ya ga ta yi aiki a gabansa.

Da farko dai, mene ne rubutun tushe? Kowace manhaja mutum ne ya zauna ya rubuta ta, layi bayan layi, da wani harshe na kwamfuta kamar Java ko Kotlin. Wannan jerin umarni shi ne rubutun tushe. Bayan an gama, sai kwamfuta ta juya shi zuwa wani tsari da waya ke ganewa, wanda mutum ba ya iya karantawa. Wanda ya sauke manhaja a wayarsa kamar wanda ya sayi ɗinkakkiyar riga ne a kasuwa. Wanda ya sami rubutun tushe kuwa, shi aka ba damar ya warware rigar, ya ga yadda aka yanka wuya, da inda aka haɗa hannu, ya kuma mai da ita. Kowa ya san haka tela yake koya wa yaronsa aiki. Ba a taɓa yin telan da ya ƙware da kallon riguna a jikin mutane ba.

Wani zai ce ai leƙa aikin wasu sata ne. To, akwai manhajojin da masu su suka rufe, kamar WhatsApp, akwai kuma waɗanda masu su suka buɗe da kansu, suka rubuta izini cewa kowa ya karanta, ya gyara, ya yi amfani. Manhajar aika saƙo ta Signal tana cikin irin waɗannan. Kamfanin Google ma ya fitar da ƙananan misalai musamman domin masu koyo, cikinsu har da wani mai suna BluetoothChat, wanda ke sa wayoyi biyu su yi wa juna rubutu ba tare da kati ko intanet ba. Galibin irin waɗannan rubuce-rubuce ana ajiye su a GitHub, wanda aka kafa a 2008, kuma ɗaukarsu kyauta ne.

Aikin kansa bai kai tsoron da ake yi masa ba. Ana bukatar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki kamar gigabait 8, a sa mata Android Studio, watau masaƙar da ake haɗa manhajojin Android a cikinta, ita ma kyauta ce. Sai a sauko da rubutun tushen misalin, a buɗe shi a ciki. A nan kwamfuta za ta nemi intanet don ta kwaso sauran kayan haɗin da misalin ya dogara da su, kuma a nan ne aka fi shan wahala, domin wani lokaci kayan sun tsufa, ba su dace da sabuwar masaƙar ba, sai jan rubutu ya cika fuskar kwamfuta. Dole ɗalibi ya natsu, ya karanta abin da jan rubutun ke cewa, ya gyara. Kana a shiga saitin waya, a danna lambar ginin wayar sau bakwai don a buɗe sashen masu ƙera manhaja, a haɗa ta da kwamfuta da igiya, a ba da umarni. In an dace, sai ga sabuwar manhaja ta bayyana a waya. A yi wa waya ta biyu haka, a rubuta sallama a wannan, ta fito a waccan.

Amfanin farko shi ne natsuwar da na ambata. A jarrabawa ana iya haddace amsa a wuce, amma kwamfuta ba ta san alfarma ba. Aka manta da alama guda, ba za ta motsa ba, ko ɗan wane ne ke zaune gabanta. Wanda ya saba da bin kuskure har ya gano tushensa, wannan hali zai bi shi zuwa lissafi da kimiyya, har zuwa gona da shago.

Amfani na biyu ya shafi harshenmu. A cikin manhajar Android akwai fayil guda inda aka tara kalmomin da ke fitowa a fuskar waya. Ɗalibi na iya buɗe shi ya mai da su Hausa a zama ɗaya, maɓalli ya koma cewa "Aika", wani ya ce "Nemi aboki". Zai kuma lura da haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda yawancinmu muka watsar a rubutun waya, har ba a bambanta kafa da ƙafa, ko baki da baƙi. Idan mu masu harshen ba mu kula da wannan ba, bai kamata mu jira wani a Amurka ya kula mana ba.

Amfani na uku shi ne tsaro. Wanda ya haɗa manhaja ya san cewa saƙo ba iska ke ɗaukarsa ba. A manyan manhajoji, saƙo yakan tashi daga waya ya bi ta wata babbar kwamfuta ta kamfani kafin ya isa, shi ya sa ake kulle shi da mabuɗin sirri. Tun 2016 WhatsApp ya kammala sa irin kullen da masu Signal suka ƙirƙiro. Ɗalibin da ya fahimci wannan zai iya bayyana wa mahaifinsa dalilin da ya sa ba a karanta wa kowa lambobi shida da ake turowa a waya, domin da su 'yan damfara ke ƙwace WhatsApp ɗin mutum, su dinga roƙon kuɗi da sunansa. Mu tuna kuma, a watan Satumba na 2021 an rufe hanyar sadarwar waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga. Misalin Bluetooth ba ya wuce kamar mita goma, saboda haka ba zai maye gurbin turken waya ba, amma yana nuna wa ɗalibi cewa hanyar isar da saƙo ba ɗaya ba ce, kuma mutum ne ke tsara ta.

Na san iyayenmu na da tsoro, kuma tsoronsu na da dalili. Waya ta ɗauke hankalin yara da yawa daga karatu, ana kuma satar amsa da ita. Ni ma ina goyon bayan dokar hana ɗalibi riƙe waya a makarantar kwana. Abin da nake roƙo bai taɓa wannan doka ba. Wayoyi biyu kacal ake bukata, ba sai da layi a cikinsu ba, su zauna a kabad ɗin malamin kwamfuta, a fito da su lokacin darasi, a mai da su a kulle. Ai a ɗakin gwaje-gwaje ma akwai ruwan asid, ba a hana mu darasin kimiyya saboda shi ba, sai dai a tsare shi.

Wasu kuma za su kawo zancen rashin wuta da tsadar data. Gaskiya ne, amma nauyin a farko yake. Idan aka sauke kayan sau ɗaya, a Daura ko a Katsina inda intanet ta fi ƙarfi, galibin sauran aikin ana yinsa ba tare da ita ba. Kwamfuta biyu ko uku masu ƙarfi, da faifan hasken rana da batir, sun isa a raba aji rukuni-rukuni. Abin takaici shi ne a zana wa ɗalibi hoton kwamfuta a allo shekara uku, ya ci jarrabawa, alhali kuwa bai taɓa sa ta yin komai ba. Gani ya kori ji.

Kada kuma mu raina kanmu don mun fito daga ƙauye. Jan Koum, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka kafa WhatsApp a 2009, yana ɗan shekara 16 ya bar ƙasar Yukren tare da mahaifiyarsa zuwa Amurka, cikin talauci, kuma da tsofaffin littattafai ya koya wa kansa aikin kwamfuta. A 2014 kamfanin Facebook ya sayi manhajar a kan dala biliyan 19. Linus Torvalds ɗalibi ne a jami'ar Helsinki lokacin da ya fara Linux a 1991, ya bar rubutunta a buɗe, yau kuwa a kanta aka gina kowace wayar Android da ke kasuwar garinmu. Ba cewa nake dukanmu za mu zama kamarsu ba. Amma a aji guda ba a rasa mutum biyu ko uku da Allah Ya ba wannan baiwa, kuma ba za a gane su ba sai an ba su abin taɓawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ina roƙon shugaban makaranta da malamanmu su ware mana ko da yammacin Asabar don wannan aiki. Ina roƙon ƙungiyar iyaye da malamai, da tsofaffin ɗalibai, su taimaka da wayoyi biyu da kuɗin data na farko, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu kuma ɗalibai, in an buɗe mana ɗakin, mu riƙe amana, kada mu mai da shi wurin kallon fim da ƙwallo. In Allah Ya so, ranar ba da kyaututtuka mai zuwa sai a miƙa wa uba waya ɗaya, a miƙa wa malami ɗaya, su gaisa da Hausa ta manhajar da 'ya'yansu suka haɗa.