Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin BPI, Masu Shirya Kyautar BRIT



Daga Najeriya nake rubuto muku, a kan kambun da kuke bai wa mawaƙin Birtaniya mai cin gashin kansa, wanda ba ɗan wata ƙungiya ba. Kada ku yi mamakin ganin takarda daga nesa haka. Mace ta farko da ta ɗaga wannan kambu, Shirley Bassey, a Cardiff aka haife ta, amma mahaifinta ɗan Najeriya ne. Seal, wanda ya ci na maza a 1992, mahaifiyarsa 'yar ƙasar nan ce. Stormzy tushensa Gana, J Hus kuma Gambiya. Muna da 'ya'ya a gidan, don haka muna da ta cewa.

A 1977 aka fara bikin a Landan, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta cika shekara 25 a kan mulki, kuma tun daga wannan dare kujeru biyu aka ajiye: Cliff Richard ya hau ta maza, Bassey ta hau ta mata. Da bikin ya zama na shekara-shekara daga 1982, haka tsarin ya ci gaba har 2021. Duk wanda ya bi jerin matan da suka ci, ya karanta tarihin waƙar ƙasarku: Alison Moyet, Kate Bush, Lisa Stansfield, Dido, Ms. Dynamite, Amy Winehouse a 2007, Adele, Emeli Sandé, Dua Lipa. Annie Lennox ita kaɗai sau shida ta ɗauka. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Laura Marling, wadda ta ci a 2011 da jitarta da waƙoƙinta masu sanyi, ba don ta fi kowa ciniki ba. Kujerar mata ce ta ba irinta damar a ji ta a gidajen da ba su taɓa jin sunanta ba.

A Nuwamban 2021 kuka sanar da haɗe kambun biyu su zama ɗaya, Gwanin Shekara. Dalilinku sananne ne: an yi ta ƙorafin cewa mawaƙa irin su Sam Smith, da ba su ɗauki kansu maza ko mata ba, ba su da gurbi, kuma kun ce gwaninta ba ta san jinsi ba. Amma tun a lokacin mutane da dama sun yi gargaɗin cewa idan aka rage kujera, mata ne za su tsaya a tsaye. Adele ta ci na farko a 2022, aka ɗan samu natsuwa, ko da yake ita ma a kan dandamalin ta bayyana alfaharinta da kasancewa mace mawaƙiya.

Sai 2023 ta zo. Mutum biyar aka fitar: Harry Styles, Stormzy, Central Cee, Fred again.. da George Ezra. Babu mace ko ɗaya. Styles da kansa, da ya karɓi kambun, sai ya sadaukar da shi ga matan da aka bari a baya, ya ambaci irin su Charli XCX da Rina Sawayama. Bayanin da kuka bayar shi ne ya fi damuna. Kun ce cikin waɗanda suka cika sharaɗin shiga takarar, matan ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Gaskiya ne, amma wa ya kafa sharaɗin? Ku ne kuka ce sai mawaƙi ya sami kundi cikin arba'in na sama a jadawalin ciniki, ko waƙoƙi biyu cikin ashirin na sama. Wanda kuwa ke yanke shawarar wane kundi zai fita, yaushe zai fita, da nawa za a kashe wajen tallarsa, kamfanonin waƙa ne, wato mambobin ƙungiyarku. Alƙalai sama da dubu da ke kaɗa ƙuri'a ba za su iya zaɓen sunan da bai iso gabansu ba.

Labarin Raye ya isa hujja. A 2021 ta fito fili ta ce shekara bakwai tana hannun kamfanin Polydor ba a bar ta ta fitar da kundi ko ɗaya ba. Suka rabu, ta fitar da My 21st Century Blues da kanta a 2023, a bikinku na 2024 kuma ta kwashe kyauta shida a dare guda, abin da ba a taɓa yi ba, har da Gwanin Shekara. Na yi murna ƙwarai. Sai dai ina tunanin mata nawa ne masu irin baiwarta ke zaune har yanzu da kwantiragi a hannu, waƙoƙinsu na kulle a kwamfuta.

Na san kun faɗaɗa jerin zuwa mutum goma daga 2024, na kuma san Charli XCX ta ci a 2025. Za ku iya cewa mata uku cikin shekara huɗu na farko, me kuma ake so? Waɗannan shekaru ne da Adele da Raye da Charli suka cika kasuwa ta yadda babu mai iya kau da kai. Ba irinsu nake ji wa tsoro ba. Ina ji wa irin Marling, wadda a da take da gurbi tabbatacce cikin mata biyar, yanzu kuma sai ta yi gogayya da duk wanda kamfani ya zuba wa kuɗi.

Kun taɓa gyara sharaɗi da aka nuna muku illarsa. A 2021, bayan koken Rina Sawayama, wadda ta girma a Ingila amma take riƙe da fasfon Japan, kun buɗe ƙofa ga duk wanda ya zauna a ƙasar fiye da shekara biyar. Irin wannan nake roƙo. Ku sassauta sharaɗin jadawalin ciniki, ku bar wani kaso na gurabe ga kundin da alƙalai suka yaba ko da bai yi kasuwa ba. Kowace shekara kuma ku wallafa adadin mata da maza da suka cancanci shiga, tare da kamfanin da kowannensu ya fito, domin a ga inda ake toshe hanyar. Idan bayan 'yan shekaru alƙaluman ba su motsa ba, ku mayar da kujerar mata, ku nemi wata hanyar shigar da waɗanda tsohon tsarin ya bari a waje.



Mai sauraron waƙa,
daga Kano.