Ilimi Gishirin Zaman Duniya: Maganaɗisu Mai Manne wa Fata

A wannan wata zancenmu na maganaɗisu ne, amma ba irin wanda yara ke tsintar ƙusa da shi ba.

A 1988 Albert Fert na Faransa da Peter Grünberg na Jamus, kowa a ɗakin bincikensa, suka shimfiɗa ƙarfe da kuromiyam hawa-hawa, kowane hawa ya fi silin gashi siranta sau dubbai. Sai suka ga in an kusanto da maganaɗisu, wutar lantarki takan ratsa cikin sauƙi. Da wannan ne kamfanin IBM ya inganta faifan ajiya na kwamfuta a 1997, su kuma aka ba su kyautar Nobel a 2007.

A 2015 masana a Dresden suka shimfiɗa kobal da jan ƙarfe a kan 'yar leda mai lanƙwasa da ake manna wa fata. A Jami'ar Stanford kuwa an gwada dabarar wajen gano alamun ciwon daji a jini.

To, fiye da rabin kobal ɗin duniya daga Kongo ake haƙo shi. Afirka na haƙa, wasu na ƙira. Saboda haka kada talla ta sa mu cire 'ya'yanmu na zango daga makaranta. Allah Ya sa mu dace. Sai wata mai zuwa.