Damargu: Haɗarin da ke rataye saman ma'aikatan gini a ƙarƙashin wayoyin lantarki

Tun bayan buɗe matatar mai ta SORAZ a watan Nuwamban 2011 a ƙaramar hukumar Ollelewa da ke gundumar Tanut, yankin Damargu ya saba da ganin manyan motocin ɗaga kaya. Matatar, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, tana da tashar lantarki da layi mai ƙarfin kilobolt 132 ya haɗa da birnin Damagaram. Ga kuma ayyukan gyaran hanyar RN11 da ta bi ta Tanut zuwa Agadez, da gine-ginen gwamnati a Belbeji wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011.

Wayoyi na ƙaruwa, gine-gine na tashi, kuma a inda biyun suka haɗu nan haɗarin yake.

Abin da leburori da dama ba su sani ba shi ne, manyan wayoyin da ke kan turaku galibi tsirara suke, ba roba a jikinsu. Ba sai hannun motar ƙugiya ya taɓa waya ba. In ya matso sosai, wutar kan tsallako ta iska, ta bi ƙarfe da sarƙa ta sauka ƙasa. Sau da yawa ba direba ke fara mutuwa ba, sai leburan da ke ƙasa riƙe da sarƙa ko kayan da ake saukewa. Haka abin yake ga tifar da ta ɗaga bayanta ƙarƙashin waya, ko maginin da ya miƙa rodi daga saman bene.

Yanayin Damargu na ƙara tsananta lamarin. Zafin bazara kan sa waya ta saki ta yi ƙasa, ƙurar hunturu kuma kan hana direba ganinta.

Wasu ƙasashe sun ƙayyade tazara. A Faransa, doka ta hana matsowa ƙasa da mita 3 ga layin da bai kai bolt 50,000 ba, da mita 5 ga wanda ya kai ko ya wuce haka. A Nijar, dokar ƙwadago ta 2012 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki alhakin kare lafiyar ma'aikatansa, asusun CNSS kuma ke biyan diyyar haɗarin aiki. Sai dai leburan da aka ɗauka da safe aka sallama da yamma ba kasafai yake da rajista ba. In ya ƙone, ɗawainiyar kai shi asibitin ƙasa na Damagaram, tafiyar sama da kilomita 100 daga Tanut, kan iyalinsa take faɗawa.

Matakan kariya ba su da tsada: a sanar da NIGELEC kafin aiki don ta yanke wuta in da hali, a tsayar da mutum ɗaya wanda aikinsa kallon waya kawai, a daina jibge kaya ƙarƙashin layi.

In mota ta taɓa waya, direba ya zauna ciki har a yanke wuta, jama'a su ja da baya, domin ƙasar da ke kewaye ma tana ɗauke da wuta. In gobara ta tilasta fita, ya yi tsalle ƙafafu haɗe, ba tare da taɓa mota da ƙasa lokaci guda ba, ya ja ƙafa a hankali ya nisanta. Kada kowa ya yi yunƙurin ture wayar da sanda.

Batun ya shafi 'yan ci-rani da ke turo kuɗin gini daga Libiya da Aljeriya. Kafin a sayi fili ko a ɗora bene, a tambayi inda waya ta bi. Ofishin magajin gari da ke raba filaye, da sufetocin ƙwadago, su ma wannan tambaya na jiransu, tun kafin a kafa harsashi.