Wace kyamara ya kamata mu gyara?

Kun ji gardamar da ta tashi a ƙungiyarmu ta 'yan jarida tun da kakan wani abokinmu ya ba mu tsofaffin kyamarori biyu masu amfani da fim. Ɗan kuɗin da muka tara guda ɗaya kawai zai iya gyarawa.

Ta farko Minolta X-700 ce, samfurin da ya fito a 1981. Kyakkyawa ce, kuma da kanta take auna haske ta daidaita shi. Shi ya sa da yawa suka fi son ta. Amma mun saka mata sabon batir, mun danna, shiru kake ji. Ta biyu Pentax K1000 ce, samfurin 1976. Jikinta duk ƙarzuna, ga nauyi, amma ko babu batir tana cewa ƙas! Ma'aunin haskenta kaɗai ke buƙatar batir, sauran aikin sifirin da haƙoran ƙarfe ke yi.

Mu muna goyon bayan Pentax. A cikin Minolta akwai wani ɗan abu mai ajiye wutar lantarki, sunansa kafasita. Yana da ruwa a ciki, kuma ruwan yana bushewa ko ya yoye idan shekaru suka ja, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Wannan kuwa ta fi shekara ashirin a akwati, a ɗaki mai rufin kwano! Gaskiya ana iya canja kafasita. To idan an buɗe aka tarar allon lantarkin ne ya lalace fa? Kamfanin ya daina yin kyamara tun 2006, sai dai a ciro daga wata tsohuwar, wadda ita ma tsufan bai bar ta ba. Kuɗinmu ya tafi ke nan.

Ba mu ce Pentax ba ta da ciwo ba. Man cikinta ya daskare, soson da ke hana haske shiga ya ruɓe. Amma wannan matsala ce da ido ke gani, a goge, a sa sabo. Za mu sha wahalar koyon daidaita haske da hannu, kuma wataƙila fim na farko ya lalace. Mun yarda da hakan.

Ranar Alhamis bayan an tashi za mu kaɗa ƙuri'a. Masu son Minolta su zo da hujjarsu.